Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Lissafin Baba a Bangon Zaure

Makon jiya na tsaya ne a tashinmu daga Tudun Wada zuwa Kakuri a garin Kaduna, bayan Baba ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun can. Zaɓen 1979 ya same ni ina aji shida, shekaruna sha biyu.

Baba ɗan jam'iyyar PRP ne na gani-kashe-ni, Baffa kuwa, yayansa, jam'iyyar NPN yake yi. Kullum bayan Isha'i sai su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, rediyo a tsakiya, ni ce mai kai musu kunu. Ranar da aka ji gwamnatin Balarabe Musa, gwamnan Jihar Kaduna ɗan PRP, ta soke haraji da jangali, Baba har tsalle ya yi da girmansa.

"Yaya, ka gani ko? Talaka ya huta da gudun ɗan doka."

Baffa ya gutsuri goro ya ce, "Bari dai mu ga da me zai yi muku titin."

Amma abin da ya fi shiga ran Baba ba siyasa ba ce. A lokacin rediyo na yawan faɗin wai shekarar 2000 lafiya za ta wadaci kowa. Sai da na girma na san maganar daga taron Alma-Ata na 1978 ta fito, can Tarayyar Sobiyet. Baba bai damu da inda ta fito ba. Ƙyanda ta ɗauke mana ƙanena a bazarar da ta gabata, bai ma fara tafiya ba. Sai Baba ya ɗauki gawayi ya ja layi ashirin da ɗaya a bangon zaure, adadin shekarun da suka rage zuwa 2000, kowace sabuwar shekara ya goge guda.

"Ke 'yar nan, 'ya'yanki a baki kawai za su ji sunan ƙyanda."

Inna daga madafa ta ce, "Allah ya kai mu, Malam." Sai dai ba ta zubar da tazargade da sabararta ba.

Kada yaran yanzu su ɗauka wauta ce. Mutumin da yake ganin sababbin Peugeot 504 na fitowa daga masana'anta a unguwarsu, 'yarsa na karatu kyauta, ga matatar mai an buɗe a 1980, in jiniyar masaƙa ta kaɗa titi ya cika da kekuna maƙil, me zai hana shi yarda?

Majalisar jiha kuwa NPN ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, a Yunin 1981 suka tsige shi. Daren nan Baba bai taɓa tuwo ba. Baffa ya zo, bai yi masa ba'a ba, ya ajiye goro ya tafi. Daga nan sai tsuke bakin aljihu, sai layin shinkafa da madara, sai juyin mulkin sojoji a ranar ƙarshe ta 1983.

Washegari Baba ya goge layinsa kamar yadda ya saba. A hunturun nan tari ya kama Inna, na raka ta asibiti. A tagar da muka saba karɓar magani, sai aka miƙo mana takarda aka ce mu je kemis. Sule biyar ce ɗaure a bakin zanenta.

Yadda muka kwashe da mai kemis, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.