Tambayar As kaɗai ba ta kai mutum silam

A birij, wasan kati na mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, tayin silam alkawari ne cewa kai da abokin wasanka za ku ci zagaye 12 daga cikin 13, ko kuma ku cinye duka idan babban silam ne. Ladan ƙaramin ya kai maki 500 ko 750 a kan na cin wasa, gwargwadon ko ɓangarenku yana matsayin da lada da tara suke ƙaruwa ko a'a, shi ya sa idon ɗan wasa yake rufewa da zarar ya ga hannunsa ya yi kyau. Lissafin auna ƙarfin hannu da aka fi sani shi ne a ba As, katin da ya fi girma a kowane iri, maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, sannan a nemi kimanin 33 tsakanin hannaye biyu, domin daga jimillar 40 abokan hamayya ba za su riƙe As biyu ba.

Na daɗe ina ɗaukar tsarin da Easley Blackwood ya ƙirƙira a Amurka a 1933 a matsayin mabuɗin silam. Kana yin tayin huɗu babu yanka (yanka shi ne irin katin da aka zaɓa ya fi sauran ƙarfi), abokinka ya faɗa maka yawan As ɗinsa ta hanyar tayi a ɗaya daga cikin irin kati huɗu: kulob biyar na nufin babu ko duka huɗu, daimon biyar ɗaya, zuciya biyar biyu, sifed biyar uku. Sai da wani hannu ya ba ni kunya na gane cewa amsar tana ba da adadi ne kawai, ba ta faɗin ko wane As ne.

A ranar ina riƙe da sifed shida da As da sarki da sarauniya a kansu, sarki da sarauniyar zuciya da ƙarama ɗaya, As ɗin kulob da tara, sai bakwai da uku na daimon. Abokina ya goyi bayan sifed da ƙarfi, ni kuwa ban tsaya wata-wata ba na tambayi As. Ya amsa da daimon biyar, na lissafa uku a hannunmu, na yi tayin sifed shida ina murmushi. Wanda ke haguna ya ajiye As ɗin daimon, ya bi shi da sarki, kafin in taɓa ko kati ɗaya na kirki an riga an karya mu. Abokina bai ce uffan ba, ya dai rubuta hasarar maki 50 a inda ya kamata 450 su shiga mana, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Abin da ya dace shi ne in yi tayin kulob huɗu bayan mun amince da sifed, wato in nuna cewa ina da iko a kulob, katin da zai hana su cin zagaye biyu a jere a wannan irin, kuma ina sha'awar silam. Da na yi haka, da abokina ya tsallake daimon ya ce zuciya huɗu, wannan tsallakewar kuwa ita ce saƙon cewa babu mai tsaron daimon a tsakaninmu, sai mu tsaya a sifed huɗu lafiya lau. Tun daga lokacin ba na tambayar As idan ina da ƙananan kati biyu a irin da babu wanda ya nuna iko a kansa, haka nan idan akwai irin da ba ni da ko ɗaya, domin As ɗin abokina yana iya faɗawa daidai inda ba na bukatarsa. Ko sabon salon da ke ƙirga sarkin yanka a matsayin kati na biyar mai muhimmanci, wanda shi nake amfani da shi yanzu, da bai cece ni daga daimon biyun nan ba.