Abin da "Get Away" Ta Koya Mini a Aji

A shekarar da na fara koyar da Turanci a wata makarantar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Gumel, na ba 'yan aji shida masu shirin jarrabawar WAEC da NECO jimla guda su fassara, wato "the thief got away". Da yawansu suka rubuta cewa ɓarawon ya samu nesa. Ban ga laifinsu ba, domin ni da bakina na koya musu cewa "get" samu ce, "away" kuma nesa, su kuwa abin da aka ba su shi suka haɗa.

Washegari sai na bi ta hanyar Hausa. Na tambaye su ma'anar "sha", suka ce shan ruwa ko kunu ko fura. Na ce to wanda ya sha kashi fa, ko ya sha alwashi, ko ya sha da ƙyar, wane ƙoƙo aka miƙa masa? Nan ajin ya kaure da dariya, kuma daga nan suka gane cewa kalma idan ta haɗu da wata, sau da yawa sukan haifi ma'anar da ba ta kowace ɗaya daga cikinsu ba ce. Haka "get away" take, dunƙule ake ɗaukarta, kuma tushen ma'anarta shi ne kuɓuta ko tserewa. Ragon da ya tsinke igiya ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ya ɓace cikin jama'a, Bature "it got away" zai ce, haka ma kifin da ya suɓuce wa masunci.

Sauran ma'anonin ba su ba mu wahala ba. Uwa takan ce wa yaro "get away from the fire", wato ya matsa daga wuta. Ma'aikacin da ya ce "I couldn't get away" yana nufin aiki ne ya riƙe shi, wanda kuma ya ce yana son "get away for a few days" hutu yake nema, ya je wani wuri ya sha iska. Idan aka haɗe kalmomin biyu suka zama "getaway", sun koma suna, kamar a "getaway car", motar da 'yan fashi ke gudu da ita.

Inda muka daɗe shi ne "get away with". Wannan "with" ɗin, duk ƙanƙantarta, takan juya maganar gaba ɗaya. Idan kaya ne suka biyo bayanta, to an gudu da su ne, amma idan laifi ne, ma'anar ita ce mutum ya aikata shi bai fuskanci hukunci ba. Na yi ta kewaye-kewaye ina neman fassara, sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ya ci bulus ke nan." A ganina har yau ban ji fassarar da ta fi tata dacewa ba, kuma ita nake koyarwa.

Bayan mako biyu na tare wani ɗalibi a bakin ƙofa ya makara, wai ya tsaya ban ruwa a gonar albasar mahaifinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, yau ba zan get away with it ba ko?" Na yaba masa Turancin, sannan na miƙa masa tsintsiya.