Daga Fort Campbell zuwa Fort Carson: na raka iyalin soja ƙaura

A watan Mayu ƙanwata ta kira ni ta ce oda ta fito, an mayar da maigidanta Fort Carson a jihar Kolorado. Saje ne a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, kuma a lokacin suna Fort Campbell, barikin da ke kan iyakar Kentaki da Tenesi. Motoci biyu gare su, ga goyo, ga tafiyar mil dubu da ɗoriya. Ta ce, "Yaya, in da hali ka zo ka kama mana tuƙi." Ƙarshen Yuni na sauka Nashville, surukina ya zo ya ɗauke ni zuwa Clarksville, inda suke haya.

Na tarar da gidan wayam. Kamfanin da gwamnati ta ba kwangila ya riga ya kwashe kaya, sai katifun iska da akwatunan da za su shiga but. Sojojin Amurka suna kiran irin wannan canji PCS, kuma galibi duk bayan shekara biyu zuwa uku yake zagayowa kan iyali. Akan jibge yawancinsa tsakanin Mayu da Agusta saboda hutun makaranta, shi ya sa a watannin nan motar kaya take wuyar samu. Hatta nauyin kayan da za a ɗaukar wa mutum muƙaminsa ne ke yankewa: saje mai iyali fam 9,000 ne rabonsa, wato tan huɗu da 'yan kai, abin da ya haura kuma daga aljihunsa. Saboda haka ƙanwata ta yi makonni tana tankaɗe da rairaya, wannan a kyautar, wannan a sayar. Hayar gidan ba ta ƙare ba, amma wata doka ta 2003 ta ba soja damar warware yarjejeniyar haya idan oda ta tashe shi, ba tare da tara ba.

Da asuba muka kama babbar hanya mai lamba 24. Surukina na gaba da ɗansu namiji, ni ina biye da ƙanwata da jaririya da babbar 'yarsu mai shekara 11. Mun haye kogin Ohayo a Paducah, muka ratsa kudancin Ilinoi, kafin azahar muka hango bakan ƙarfen nan na St. Louis mai tsawon mita 192 a bakin kogin Misisipi. Yaron ya so a tsaya a hau, uban ya ce sai wani jiƙon. Ma'aikatar tsaro tana lissafa wa mai tuƙi mil 350 a matsayin tafiyar yini guda, a kan haka take biyan guzuri, don haka kowa idonsa na kan agogo.

Yarinyar ba ta ce uffan ba har muka shiga tsakiyar Misuri. Can sai ta ce, "Kawu, kai makaranta nawa ka yi kafin ka gama sakandare?" Na gaya mata. Ta ce ita wadda za ta shiga yanzu ce ta huɗu, ta mayar da kai kan waya ta ci gaba da rubuta wa ƙawarta saƙo. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne ɗan soja yakan sauya makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya kammala sakandare. Kuma a Amurka kowace jiha da tsarin karatunta. Wannan ne ya sa a 2008 aka fara wata yarjejeniya tsakanin jihohi kan karatun 'ya'yan sojoji, wadda zuwa 2014 duk jihohi 50 suka shiga. A ƙarƙashinta sabuwar makaranta za ta karɓi yaro da takardun da iyaye suka riƙo a hannu kafin na hukuma su iso, ta sa shi a matakin darasin da yake a can baya, ta kuma ba da kwana 30 a cike allurar rigakafin da ta rage. Ƙanwata ta san wannan sarai. Jakar takardun yaran a ƙarƙashin ƙafarta ta yi tafiyar nan, ko da muka tsaya shan mai ba ta barinta a mota.

Mun kwana a gefen Kansas City. Washegari hanya mai lamba 70 ta miƙe da mu yamma, muka wuce Topeka, muka hango jirage masu saukar ungulu a filin Fort Riley dab da titi. Gaba kaɗan akwai Abilene, garin da Eisenhower ya tashi, tsohon janar ɗin soja da ya zama shugaban Amurka, wanda a 1956 ya sa hannu a dokar gina waɗannan manyan hanyoyi. Mun ɗan yada zango a wajen gidan tarihinsa. Shi da matarsa Mamie sun yi aure a 1916, amma ba su mallaki gida na kansu ba sai a 1950, da suka sayi gona a Gettysburg. Na ba ƙanwata wannan labari, ta ce, "To Yaya, matar janar ke nan."

Yammacin Kansas fili ne fetal, daga gonakin alkama da ake girbi sai rumbunan hatsi da manyan fankokin lantarki. A nan, da yaran suka yi barci, ƙanwata ta buɗe mini cikinta. Malamar firamare ce, kuma ta bar aikin da ta sha wuya kafin ta samu. Ta ce maigida ranar da ya isa zai tarar da ofis da albashi da abokan aiki suna jiransa, muƙaminsa na manne a ƙirjinsa, kowa ya san ko shi wane ne. Ita kuwa sai ta sake gabatar da kanta daga farko, ga lasisin koyarwa na jihar da ta baro. A ganina nan ne nauyin ƙaurar soja ya fi danna mutum, kuma nan ne aka fi saurin kau da kai. Binciken ma'aikatar tsaro na 2021 ya nuna rashin aikin yi tsakanin matan sojoji da mazan sojoji mata ya kai kashi 21 cikin 100. An yi yunƙurin gyara: rundunar tana mayar da kuɗin sabunta lasisi har dala 1,000, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar da ta ce sabuwar jiha ta amince da lasisin sana'ar da matar soja ta zo da shi. Doka mai kyau ce. Sai dai ba ta hana mai ɗaukar aiki ya dubi takardun mace ya ga shekara biyu nan, uku can, ya yi shiru ya kira wata.

Kusa da iyakar Kolorado agogo ya koma baya da awa ɗaya. A Limon muka bar babbar hanya muka bi wata hanyar daban, ita ma mai lamba 24, ta kudu maso yamma, har dutsen Pikes Peak, mai mita 4,302, ya fito fili a gabanmu. Garin Colorado Springs kansa ya haura mita 1,800 daga teku, kuma da na ɗauki akwati na hau bene sai da na tsaya na mayar da numfashi.

Baƙo ko da ido makaho ne, kuma rundunar ta san haka, don tana haɗa mai zuwa da wani soja na sabuwar bataliyarsa ya zame masa jagora. Na surukina tun muna Kansas yake bugo waya. Shi ya tare mu a ƙofar bariki, ya tsaya har aka tantance ni aka ba ni takardar shiga ta baƙi, ya kai mu masauki. Da yamma matarsa ta zo da kujerar jariri da wata takarda da ta rubuta da hannu: unguwannin da suka fi kusa da ƙofar da maigida zai riƙa bi, yadda ake mayar da inshorar lafiya ta TRICARE daga shiyyar gabas zuwa ta yamma, da lambar jami'in da ke shiga tsakanin iyalan sojoji da makarantu. Ta ce da ƙanwata, "Ki sa sunan jaririya a layin gidan raino yau, kada ki bari sai kin samu aiki." Duk wannan bayani yana intanet, kuma layin waya na Military OneSource, mai taimaka wa iyalan sojoji, a buɗe yake dare da rana. Amma matar da ta kwana biyu a mota da goyo ba ta da ƙarfin tono shi, tana bukatar wadda za ta zauna kusa da ita ta ce fara da wannan.

Gidajen cikin bariki akwai layi, don haka suka kama haya a Fountain, gabas da barikin. Motar kaya ba ta iso ba tukuna. Muka je ofishin Army Community Service, sashen kula da iyali da aka kafa tun 1965, inda akwai ɗakin aron kaya. Surukina ya nuna odarsa, aka ba mu tukwane da faranti da cokula da teburi mai naɗewa, kyauta, a dawo da su idan kaya sun zo. Ban taɓa zaton aron tukunya zai sa fuskar ƙanwata ta saki haka ba. Daren nan ta yi girki a gidanta.

Ranar da kayan suka iso, ni aka ba takardar lissafi ina duba lambar kowane kwali yayin da ake saukewa. Ƙafar teburi ɗaya ta karye, kwali guda bai fito ba. Surukina ya ɗauki hotuna, ya ce suna da kwana 180 su kai rahoton abin da ya lalace ko ya ɓata. Yarinyar ta samu gurbi a ajin lissafin da take so, kuma cibiyar matasa ta bariki ta haɗa ta da wata sa'arta da za ta zaga da ita kafin a koma makaranta a Agusta. Da surukina ya kai ni filin jirgi na Denver, ƙanwata ba ta raka mu ba, tana gida tana cike takardun lasisi, jaririya kuma tana layin gidan raino.