Kamun ƙafa ba ya aiki a fayil ɗin ladabtarwa

Mutane in suka ji an ce Barista na yi wa wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa aiki sai su ɗauka kullum ina cikin jirgi. Ina! Ina nan Katsina bayan Ƙofar Ƙaura, daga ni sai laftof da sola. Kwangila ce ta 'yan watanni. In an zargi ma'aikaci da laifi, masu bincike sun gama nasu, sai a turo min fayil in karanta in rubuta shawara, shin hujjojin sun tabbatar da abin da ake faɗa, in sun tabbatar ɗin laifi ne a ƙa'idar aiki, an ba mutumin damar kare kansa, kuma hukuncin da ake shirin yi bai fi ƙarfin laifin ba. Yanke hukunci kuwa ba nawa ba ne, na shugabannin ƙungiyar ne.

Abin da 'yan'uwanmu da yawa ba su sani ba sai ranar da ta ɓaci, in banki ko kamfani ya kore ka kana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma Majalisar Ɗinkin Duniya tana da kariya tun yarjejeniyar 1946, ba ka kai ta kotun Najeriya. Nata kotunan gare ta. Tun 1 ga Yulin 2009 hawa biyu ne, UNDT a ƙasa mai ofisoshi a New York da Geneva da Nairobi, sai ta ɗaukaka ƙara UNAT a sama. Ma'aikatan UNICEF da UNDP da UNHCR nan suke zuwa, su kuma na WHO da FAO da UNESCO tasu kotun ta ILO ce, wato Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a Geneva. Ma'aunin hujjar ma ba ɗaya ba ne, UNAT ta ce tun 2011 in kora ce dole hujja ta zama bayyananniya mai gamsarwa, ita ko ta ILO sai an kawar da duk wani shakku mai tushe.

Laifukan fa ba wasu na fim ba ne. Rasit ɗin asibiti na ƙarya don karɓar kuɗin inshora, man mota, yin kasuwanci a gefe ba izini, ko mutum ya cika fom ya ce ba shi da ɗan'uwa a ƙungiyar alhali ubansu ɗaya da wani a ofis, sunan ƙarshe ne kawai ya bambanta. Akwai fayil ɗin da na gani (na sauya wasu abubuwa, amana ce), rasit na wata da watanni amma lambobinsu a jere suke bi da bi, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, har tabon shayi iri ɗaya a gefen takardun. Wani kuma direba ne, rasit ya ce ya sha mai a wani gari da azahar, na'urar da ke bin sawun motar ta ce motar ko motsi ba ta yi ba ranar.

Shi direban nan shi na fi jin tausayi, don man da ake magana a kai bai taka kara ya karya ba. Abin da ya kashe shi abin da ya yi bayan ya ji ana bincike ne. Ya ɗauki kawunsa da limamin unguwa suka tafi gidan yaron da ya ba da shaida bayan isha'i, aka yi gaisuwa, aka ce "ɗana ka dubi Allah ka dubi iyalin bawan Allahn nan, ka rufa masa asiri". A wurinmu wallahi wannan mutunci ne, haka muka taso, ba mai ganin aibu. A fayil kuwa sunansa yi wa bincike katsalandan da matsa wa shaida lamba, tuhuma ta biyu kenan kuma ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba. Na rubuta sakin layi guda ina bayanin al'adar don a sassauta, amma ba zan iya cewa bai faru ba tunda shi da bakinsa ya faɗa, yana ma ganin abin alheri ya yi.

Haka ma ranar ganawa da masu bincike. Ana naɗar murya, kuma a tsarin Sakatariyar Majalisar ba a shiga da lauya wurin, sai dai abokin aiki ya zauna ɗan kallo bakinsa alaikum. Namu sai ya shiga da "a yi haƙuri, kuskure ne, ba zan sake ba" tun ba a gama karanto tambaya ba, don a gida haka ake kashe wutar magana da manya. To an rubuta. Wani kuma ya rantse da Allah bai taɓa ganin takardar ba, sai a juyo masa kwamfuta ga imel ɗin da ya tura da kansa. Ƙaryar ita ma laifi ce mai zaman kanta, gara ka ce ban tuna ba in da gaske ba ka tuna ɗin ba.

In takardar tuhuma ta zo, a tsarin Sakatariyar ana ba da wata guda a amsa a rubuce, nan ne ake da haƙƙin lauya, kuma akwai ofishin OSLA da ke ba ma'aikata lauyoyi kyauta. In hukunci ya fito kwana 90 ne a shigar da ƙara UNDT. Nan ma muna asara, mutum ya ɓata wata uku yana zarya Abuja neman wani babba ya sa baki, ya dawo wa'adi ya wuce.

Ba wai ina cewa tsarin ba shi da aibu ba fa. Bincike kan ja har mutum ya rame, kuma ko ka ci shari'a ƙungiyar na iya zaɓar ta biya ka kuɗi maimakon ta mayar da kai aiki, diyyar ma yawanci ba ta wuce albashin shekara biyu. Wannan ni ban taɓa gamsuwa da shi ba.

Sannan matasanmu da ke yawo Jibiya da Mashi da Daura da rigar ƙungiya, yawanci 'yan kwangila ne ba cikakkun ma'aikata ba, wasu ma wani kamfani ne ya ɗauke su. Ɗan kwangilar Majalisar ba ya zuwa UNDT, sasanci ne ko abin da takardarsa ta ce, wanda kamfani ya ɗauka kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ce ke kansa. Shi ya sa duk wanda ya kira ni da irin wannan matsala kafin ya fara ba ni labari nake cewa ya fara turo min hoton takardar ɗaukarsa aiki ta WhatsApp, har shafin ƙarshe.