Harbin farko da bututu mai sanyi

Gadar da na yi wa rauni a wani daji wajen Dakingari har yau tana raina. Ƙarshen watan Fabrairu ne, lokacin da hunturu ke bankwana, rana ta fara cizo amma asuba da sauran sanyi. Tana tsaye a gindin kalgo, tazarar bai fi mita 90 ba. Na yi bisimilla, na auna bayan kafaɗa, na ja kunama. Harsashin ya sauka ƙasa da inda na nufa, ya karya mata ƙafar gaba. Muka bi jini har hantsi, ya ɓace mana cikin sabara. Dabba ta tafi da wahala, ƙarshenta mushe ko abincin dila, kuma ni na jawo.

Bindigar ta kawuna ce, mai lasisi, mai ƙotar katako da siririn bututu. Kwana ɗaya kafin nan na fita da ita bayan gari don in daidaita saiti. Bayan azahar na je, zafi ya kusa digiri 38. Na jingina ta a babur cikin rana, harsasai kuma na zube su kan sirdi. Na kafa kwali a mita 100, na yi ta harbi ba hutu. Biyun farko sun faɗa kusa da tsakiya, sauran suka riƙa hawa sama, kowanne ya ɗara na bayansa. Sai na yarda da masu yawan, na sauke saiti har na tara uku a tsakiya, na koma gida da murna.

Da na ba Kawu labari bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, sa'ad da ka gama, ka taɓa ƙarfen?" Na ce, "Na taɓa, Kawu, bai riƙuwa." Ya ce, "To ka daidaita ta da zafi, ka kai ta daji da sanyi. Nama kuwa harbin farko yake jira."

Ya ɗauko takardar naira ɗari, ya zura ta tsakanin bututu da katako yana ja zuwa baya. Kafin ta yi taƙi guda sai ta cije. Nan katakon ke tokare ƙarfe daga ƙasa. Ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake yi. Bututu mai tsawon santimita 60 da ya ƙara digiri 50 yakan ƙaru da kusan sulusin milimita. Ba a gani da ido, amma in akwai abin da ya tokare shi a gefe guda, dole ya karkata. Na zauna na yi lissafi daga baya: karkatar rabin milimita a bakin irin wannan bututu tana zama kusan santimita 8 a mita 100. A jikin gada, wannan ne tsakanin zuciya da ƙafa.

Akwai kuma kawalwalniya. Iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi, da wadda ke tashi daga kan bututun kansa, tana sa ka ga kwalin yana rawa, ya ɗan ɗaga sama da inda yake. Albarushin da ya sha rana shi ma ya fi saurin ci, harsashi ya fita da ƙarin gudu, iska mai zafi kuma ba ta da kaurin ta asuba. A tazarar da muke harbi waɗannan biyun na ƙarshe tasirinsu kaɗan ne, ban ɗora musu laifi mai yawa ba, sai dai duk sama suka tura harbina a ranar, ni kuma na bi su da saiti.

Muka goge wurin da ya cije da sanfefa har takarda ta wuce sumul, muka shafe katakon da mai don kada ya sha ruwa. Wannan ya yi mini rana da damina, domin cikin marka ta Agusta katako kumbura yake, ya sake matse ƙarfe. Da hunturu kuma ya bushe ya tsuke, kusoshin da suka riƙe shi su saki, don haka nakan gwada su da sukundireba kafin in fita. Mai ma na rage zubawa a lokacin hazo, saboda in ya haɗu da ƙura sai ya zama kamar kunun laka a cikin makulli, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu in an sa harsashi. Nakan share bututu tas ya bushe, in ɗaure bakinsa da ƙyalle a kan hanya, in cire kafin in sa harsashi.

Yanzu in zan daidaita saiti, bayan sallar asuba nake fita, daidai lokacin da nake farauta. In yi harbi ɗaya, in buɗe makulli, in ajiye ta a inuwa har sai na iya dafa ƙarfen da bayan hannu ban ji ɗumi ba, sannan in sake. Harsasai suna cikin jaka, jakar tana ƙarƙashin bishiya. Uku sun ishe ni a rana. Kwalin ranar farko da na gwada haka yana nan a ɗakin Kawu, huji uku da tafin hannu ke rufewa, da kwanan wata da na rubuta da gawayi a gefe.