Keke, faci da neman hanyar da babu mota a Daura

Shagon gyaran keke nake riƙe da shi a cikin garin Daura, kuma a hannun mahaifina na gaje shi. Shi zamanin Raleigh da Phoenix ya yi aiki, lokacin da malamin firamare kan sayi keke ya naɗe ƙarfensa da roba mai launi, ya kafe shi a zaure yana gogewa safe da yamma. Ni kuwa na taso na tarar babur ya kori keke daga cikin gari. Shekara da shekaru abin da nake samu bai wuce facin kekunan yara da na mutanen ƙauye masu kawo kaya kasuwa ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin damina ta ƙare an cika mini ƙofar shago da kekunan da aka zaƙulo daga sito, sarƙa ta yi tsatsa, taya ta fashe, sirdi ɓera ya ci. Muka ɗauki yara biyu, muka fara saro kekunan gwanjo masu giya daga Kano. Daga nan masu zuwa suka kasu. Akwai ma'aikaci da ɗalibi da ke neman abin zuwa aiki, akwai dattijon da likita ya ce masa ya motsa jiki saboda suga ko hawan jini, ga kuma samari masu keken tsere, siririyar taya da hular kwano. Waɗannan na ƙarshe da dattawan tambayarsu ɗaya ce bayan sun biya kuɗi: "To Malam, ina zan bi?"

Da farko ban ɗauki tambayar a bakin komai ba. Wani malamin makaranta ne ya sa na tsaya a kanta. Yana jira in ɗaure masa birki, ya miƙo mini waya ya ce in ga inda ake hawan keke na gaske. Tsaunukan Alps ne na Faransa, kwalta tana lanƙwasa kamar maciji daga gindin kwari har kan dutse, rafi na gudu a ƙasa. Shi tsaunin yake nuna mini. Ni abin da ya kama idona, kusan minti biyar muna kallo mota ɗaya ce ta wuce mutumin, ita ma sai da ta rage gudu ta ba shi fili. Na ce masa, "Malam, tsauni dai Allah bai ba mu ba, amma hanyar da babu mota muna iya nema."

Su can hawa ne wahalarsu, shi ya sa kekunansu ke da giya mai manyan haƙora a baya, mutum ya yi ta juya feda a hankali har ya kai sama. Ƙasar Daura shimfiɗe take. Tsauninmu iska ce. Da hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, wanda ya nufi Zango da safe da ita zai yi ta kokawa, ƙura a ido, leɓe a tsage. Shi ya sa nake ce wa kowa ya fita yana fuskantar iskar tun da sauran ƙarfinsa, in ya juyo ta turo shi gida. Da damina lissafin juyawa yake yi, domin iskar daga kudu maso yamma take zuwa.

Hanyar Katsina ta Mashi da hanyar Kano ta Kazaure ba na tura sabon shiga. Motocin haya a kansu gudu suke kamar ana korarsu, kuma tun da aka fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Kazaure da Daura da Mashi, manyan motoci suka ƙaru. Na fi son hanyar Zango zuwa Baure bayan sallar asuba, da ƙananan hanyoyin da ke ratsa ƙauyuka, inda abin da za ka gamu da shi amalanken shanu ne da 'yan makaranta. Sai dai hanya ɗaya tana da fuska biyu, ya danganta da ranar da ka hau ta, kuma wannan da ciwo na koye shi.

Wasu samari uku suka tambaye ni hanyar Mai'adua, na ce su bi, ai lafiya lau take. Ni ranar Talata na saba bin ta. Su kuma Lahadi suka fita, ranar da kasuwar Mai'adua ke ci, ranar da tirelolin shanu da motocin kaya da babura ke ɗinkewa tun daga iyakar Kongolam. Wata babbar mota ta matse ɗayansu, ya sauka daga kwalta, siririyar tayar ta nutse cikin yashi, ya kife. Allah ya taƙaita, gwiwa da gwiwar hannu ne suka ɗaye. Da suka turo keken shago, gargaren gaba ya lanƙwashe, wayoyi huɗu sun tsinke. Yaron ya ce, "Baba, ba komai, tsautsayi ne." Ni na san da bakina a ciki. Na gyara keken ban karɓi ko sisi ba, kuma daga ranar ba na faɗa wa mutum hanya sai na tambaye shi rana da sa'a. A bangon shago yanzu akwai allo da na rubuta ranakun kasuwannin da ke kewaye da mu, duk mai fita ya duba.

Barin kwalta kuma da nasa kuɗin. Gefen hanyoyinmu cike yake da tsidau, in ƙasa ta bushe bayan kaka 'ya'yansa su zube, kowanne da ƙayarsa a tsaye. Ƙayar aduwa ma ta fi shi mugunta, tana iya shiga ta gefen taya. Saboda haka ba na sayar wa mai zuwa ƙauye keken tsere, komai kyansa a ido. Mai faɗin taya nake ba shi. Kuma ba ya barin shagona sai ya yi faci da hannunsa a gabana. Ya zare tiyub, ya hura, ya tsoma cikin daron ruwa har kumfa ta nuna masa ramin. Ya goge wurin ya yi kaushi, ya shafa sulushan, sannan ya jira. Nan ne kowa ke gaggawa. In ka manna facin tun sulushan na ƙyalli, kafin ka kai ƙauye na gaba ya ɗaga. Bayan haka sai ya zura yatsa ya shafa cikin tayar gaba ɗaya, domin ƙayar da ta huda tana nan maƙale tana jiran sabon tiyub.

Samarin suna da labarin duniya fiye da ni. Su suka gaya mini Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ta 2024, kuma a Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karon farko a Afirka. Suna cewa su ma hawa suke so. Mafi kusa da mu duwatsun Kazaure ne, a Jigawa, inda ƙasa ke ɗan tashi tana sauka, ga ruwan dam a gefe. Ba na yarda su taka babbar hanya zuwa can. Mukan ɗaure kekunan a bayan a-kori-kura mu je a mota, sai mun isa mu sauke mu nemi ƙaramar hanya. A nan na fara ganin amfanin giyar da nake gyara wa mutane kullum, kuma a nan na ga yadda gangara ke cin robar birki cikin yini ɗaya. Yammacin jihar Katsina, wajen Batsari da Safana, akwai duwatsu masu kyau, amma halin tsaro ya sa ban taɓa tura kowa ba, kuma abin yana mini ciwo.

Yanzu duk Asabar bayan asuba mukan taru a ƙofar shago, mu goma, wani lokaci mu fi. Ina duba iskar kowace taya da babban yatsa, in matsa birki, in tabbatar kowa da gorar ruwa da famfo. Dattijon nan mai suga shi ke gaba, domin da tafiyarsa muke auna tamu. Ƙaramin yarona na shago yana can baya da jakar faci, kuma ƙarfe tara muke so ta same mu a gida kafin rana ta buɗe.