Kafin a kulle ɗakin amarya

Ƙannena masu shirin aure a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango na Kumasi, musamman wanda ya riga ya kai wa kafinta kuɗin gado da wadirob a Sokoban, kasuwar katako da kafintoci, abu ɗaya nake roƙonku: ku karɓi kayanku da wuri, makonni kafin ranar jere, ku bar su su sha iska. Warin nan da ke tashi daga sabon kabad, wanda mutanenmu ke shaƙa su ce "kai, sabo fil", sinadari ne yake fita daga jikin katakon, kuma cikin ƙirjin mai barci a ɗakin yake ƙarewa.

Yawancin kayan ɗakin da ake yayi yanzu, masu santsi da sheƙi, ba katako ne da aka tsago daga bishiya ba. MDF ne ko cifbod, wato garin katako da ɓarɓashinsa aka kwaɓa da gam, aka matse da inji, aka liƙa masa fata mai kyau a sama. Filawud ma da gam ake haɗa shi. Gam ɗin da aka fi amfani da shi yana sakin iskar fomaldehaid sannu a hankali. Wannan sinadarin ne ke cikin fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti. A kan wannan sai a ƙara tina da fenti da banish da aka fesa, waɗanda ke da nasu ƙaurin mai hawa kai. Na fenti yakan tafi da sauri. Na gam shi ne mai naci: ya fi ƙarfi a makonnin farko, amma yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana raguwa.

Tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldehaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Kada wannan ya ruɗa ku. Hujjar ta fito ne daga ma'aikatan da suka yi shekaru suna shaƙarsa da yawa, don haka kafintan da ke yankan MDF kullum babu takunkumi ya fi mai wadirob shiga haɗari. A ɗaki abin da za a fara gani shi ne ido yana yaji yana hawaye, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, ga ciwon kai da tari, mai asma kuma ƙirjinsa ya riƙe. A 2010 hukumar ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki. Babu mai awon wannan a zango. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne zafi da laima suna ƙara fitar da shi, mu kuwa a Kumasi muna da su biyun, balle a daminar Afrilu zuwa Yuli, a ɗakin haya mai taga ɗaya da rufin kwano.

Ni a nawa auren ana gobe jere aka sauke kayan, fentin wadirob bai gama bushewa ba, in ka dafa sai yatsa ya ɗan kama. Gwaggonnin amarya suka jera, suka cika kaskon wuta da turare, aka rufe luba, wato gilasan taga, aka saki labule, aka kulle don kada ƙura ta shiga. Ni ne ma na ce a bar ledar katifa da ta kujeru don su daɗe. Bayan tarewa sai uwargidana ta riƙa tashi da asuba idonta ja, kai na sara mata. Muka ce gajiyar biki ce, daga baya muka ce zazzaɓi, har na sayo maganin maleriya ba tare da gwaji ba. Abin da ya buɗe mini ido shi ne in ta yini a gidansu sai ta dawo garau, in ta kwana a ɗaki sai abin ya dawo. Wata rana ta ciro atamfa daga durowar ƙasa ta miƙo mini ta ce, "Maigida, shinshina ka ji." Zanen da ba a taɓa ɗaurawa ba, amma warinsa sai da ya sa ni atishawa.

Turare ba ya kashe wannan warin, rufe shi kawai yake yi, kuma hayaƙinsa ƙarin kaya ne a kan huhu in ɗaki a kulle yake. Haka feshin ƙamshi. Koyil na sauro ya fi su muni: wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna koyil ɗaya na iya fitar da fomaldehaid kwatankwacin taba sigari 51. Ku ɗaura gidan sauro, ku sa raga a taga. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango iskar ciki take juyawa, ba ta shigo da sabuwa. Tukunyar shuka da ake ta yaɗawa a waya cewa tana tsotse guba, asalin maganar gwajin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi ne a 1989 cikin rufaffen akwati; a ɗaki na gaske tukunya biyu ko uku ba su kai tagar da aka buɗe ba.

Iska ce maganin, da lokaci. Shi ya sa na ce a karɓa da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye kayan a baranda ko ɗakin da ba a kwana, inda ruwa da rana ba za su taɓa su ba, domin MDF in ya jiƙe kumbura yake yi. A zare durowoyi gaba ɗaya, a bar ƙofofin wadirob a buɗe, a yage ledar katifa da ta kujera, a jingine katifar a tsaye. In babu wuri sai ɗakin kwanan, to a buɗe taga da ƙofa tare, a sa fanka ta tsaye a bakin taga tana hura waje. Fankar sama juya warin kawai take yi in ba shi da mafita. Kada a zuba tufafi a ciki sai an buɗe wadirob da safe, bayan ya kwana a rufe, an ji ido bai yi yaji ba.

In za ku ba da aiki, ku duba bayan kabad da ƙasan durowa, inda fatar ba ta rufe ba. In kun ga gari-gari a matse, ku ce, "Masta, don Allah a rufe mini bakin nan da bayan nan duka." Ta wuraren da aka bari tsirara iskar ta fi fita, rufe su da tef ɗin baki ko banish kuma yana rage ta. Mai hali ya sa a yi masa gado da katakon gaske, odum ko mahogani, ko katakon da ake kira wawa, mai sauƙin kuɗi, in an yi masa maganin ƙwari, tunda a kan gado hanci yake kwana. Kayan waje kuwa a nemi alamar E1 ta Turai ko CARB ta Amurka a jikin kwali, alamun katako ne mai ƙarancin fitar da wannan iska. Tsohon kabad mai kyau da ya shekara a gidan wani ya riga ya zubar da yawancin nasa, ba abin kunya ba ne a saye shi.

Wuyar ba ta kafinta ba ce, ta iyaye ce, don ba a son a ga kayan amarya kafin ranarsu. Ku je wurin gwaggo da ladabi tun da sauran lokaci, ku roƙa a buɗe kayan a ɗakinta a lulluɓe su da farin zane mara kauri maimakon leda. Gadon jariri ma a saye shi tun ciki na wata bakwai, kada a jira ranar suna. In kuwa yaro ko babba ya fara numfashi da ƙyar ko ƙirji na shewa, a fitar da shi daga ɗakin a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa an shigo da sabbin kaya.